Idon Gwamnati da Furar Hamma

Shekara talatin na yi ina tuƙa tirela, ban taɓa ganin ƙarfe ya hana mutum cin abinci ba sai bana.

Bayan an sace babura huɗu a kasuwar ƙauyenmu da ke hanyar Gwiwa, sai aka kafa wani dogon ƙarfe a tsakiyarta, aka ɗora kyamara a kai. Majalisarmu ta gindin darbejiya ta rabu biyu. Mele mai kanwa ya ce tsaro ne, wanda bai yi sata ba ai ba shi da abin ɓoyewa. Na ce, "To Mele, miƙo wayarka in duba." Ya ƙara cusa ta cikin aljihu, aka yi ta dariya.

Wanda bai yi dariya ba shi ne aminina Hamma, Bafulatanin da ke tahowa daga ruga a ƙafa. Duk ranar kasuwa yakan laɓe bayan rumfar Saude mai fura ya sha fura, don ba ya cin abinci a idon jama'a. Ashe ya ji cewa wanda aka ɗauka aikin kallon kyamarar a ofis Sama'ilu ne, mijin 'yarsa Zara. Suruki ya gan shi yana kurɓar fura? Gara yunwa.

Kasuwa uku Hamma bai sa komai a bakinsa ba, a ta ukun har jiri ya ɗebe shi. Ya ce mini, "Lauwali, na daina zuwa. Wata kasuwar zan riƙa ci."

"Haba Hamma," in ji Mele, "gwamnati ce ke kallo, ba Sama'ilu ba."

"Gwamnatin ba ta da ido sai na mijin Zara?"

Abin ya dame ni, don in babu Hamma ni kasuwar ba ta ci ba. Ina kallon ƙarfen nan sai na tuna da tirela: kana sama kana hango nesa, amma akuyar da ke gaban tayarka ba ka ganinta. Na hau babur sai ofis, na tarar da Sama'ilu gaban allon da ke nuna hoton kyamarar.

"Ɗana, gindin ƙarfen nan kana ganinsa?"

"A'a, Baba." Sama'ilu ya sunkuyar da kai. "Ni ma fa duk ranar kasuwa takarda nake liƙa wa allon nan daidai rumfar Saude, kada in ga Baffa."

Na yi dariya har hulata ta faɗi. Na ce, "Cire takardarka, ɓarayin babur aka sa ka nema."

Da kasuwa ta zagayo, muka taya Saude kwashe ƙoranta zuwa gindin ƙarfen, muka kewaye da zana. Hamma ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa, ya shige.

Mele ya ɗaga murya, "To, Hamma, tsaro ne ko leƙen asiri?"

Daga bayan zana muka ji ya ce, "Saude, ƙara nono."