Zanen Yatsa a Hoton Inna

Shekara bakwai ke nan Mai Hoto bai taɓa kayan ɗakin wanke hotonsa ba. Tunda waya ta shiga hannun kowa ya koma ɗaukar hoton fasfo a gaban shago, ɗakin baya ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. Wata safiya ƙanwarsa, wadda har yau yake kira Auta ko da yake jikokinta uku, ta shigo da ambulan a hannu.

Hoton mahaifiyarsu ne, shi kaɗai ya rage musu. Mai Hoto ne ya ɗauke shi yana ɗan koyo, fim ɗin da aka wanko shi daga ciki kuma ya ɓace tuni. Auta ta nuna masa yadda gefuna suka fara dusashewa. Ta ce a gidan wata maƙwabciya ta ga tsofaffin hotuna masu launin ƙasa, ko gezau ba su yi ba, irin haka take so a mayar da na Inna.

Ya gaya mata gaskiya. Aikin ruwa biyu ne: na farko zai cinye hoton har ya kusa ɓacewa, na biyu ya dawo da shi da launin ƙasa, daga nan ba ya saurin lalacewa. Amma in tun farko takardar ba ta wanku da kyau ba, tabo zai fito, kuma ba a komawa baya. Ta ce ta ji ta gani, ai barinsa ma asara ce a hankali.

Mako biyu yana jan ƙafa. Ya fitar da kujerun, ya wanke farantai, ya haɗa magani, ya gwada hannunsa a kan hotunan da masu su ba su taɓa dawowa karɓa ba. Ya ɗauki na Inna da waya don kar a yi biyu babu, ko da yake ransa bai ɗauki wannan a bakin komai ba.

Ranar aikin Auta ta ce ƙafarta ƙafarsa. Ya buɗe taga, don maganin na biyu warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi. Ta toshe hanci, ta ce yanzu ta gane dalilin da ya sa ya daɗe bai samu mata ba.

Ya jiƙa hoton, ya zura shi a faranti na farko, yana kaɗawa a hankali. Gyalen Inna ya fara tafiya, sai kumatu, sai baki. Idanun suka ɗan jima, su ma suka koma rawaya-rawaya. Auta ta riƙe gefen rigarsa, dariyar ta ɗauke. Ya ɗauraye takardar, ya sa ta a na biyu.

Kafin ya ja numfashi uku fuskar ta dawo, da launin shayi mai kauri, ta fi da taushi. Amma a kan kafaɗarta ga wani tabo, zanen babban yatsa ƙarara, kowane layi a fili.

Mai Hoto ya sunkuya yana duba tabon. Ya tuna ranar da ya wanke hoton. Inna ta biyo shi shagon maigidansa, ba ta da haƙurin jira, ta tsoma hannu ta ɗaga takardar tun tana cikin ruwa. Ya kuma tuna cewa a lokacin shi ma da hannu yake kama komai, ga gaggawa.

"Yaya, na wane ne?" in ji Auta.

"Ban sani ba. Ko nata, ko nawa."

Ya ce yana da ɗan buroshi da launi, in ya bushe zai iya rufe wurin. Ta kai yatsanta kusa da tabon tana gwada girma, ta daɗe a haka, sannan ta ce a bar shi.

Da aka rataye hoton a falonta, ya ji tana gaya wa jikokinta cewa wannan yatsan uwarta ne, kakar iyayensu, da kanta ta sa. Yaran suka yi layi suna leƙawa. Ya buɗe baki zai gyara mata zance, sai babbar cikinsu ta tambaye shi ko Inna tana da faɗa. Ya ja kujera ya zauna, ya ce mata sosai ma.