Hoto na Goma Sha Bakwai

"Baba, ba yankewa zan yi ba," in ji mai buga takardun, karo na uku ke nan. Ta juyo masa da fuskar kwamfutar. "Dogon bayanin yana nan a ƙarƙashin kowane hoto. Wannan ɗan gurbin na gajeren suna ne, shi zai fito a jerin hotuna na farkon littafi."

Tsohon hedimastan ya gyara tabarau, bai gamsu ba. Shekara huɗu ya yi yana rubuta tarihin gidansu, ga shi mutum ne da ko gaisuwa sai ya yi mata shimfiɗa. Kowane hoto ya ba shi layi biyar, har jerin ya cinye shafi tara. Mai ɗab'i kuwa shafi biyu ya ware, kuma da la'asar zai ɗora aiki.

Haka suka fara, tana karantowa yana taƙaitawa, kamar ana cire masa haƙori. Gidan kakansa ya koma "Tsohon gida". A kan motarsa ta farko sai da suka yi ja-in-ja, don ya kafe sai an sa lambarta.

Sai ga hoto na goma sha bakwai, wani saurayi cikin rigar makaranta yana dariya. Ta fara karantawa: "Babban ɗana, wanda ya bar gida bayan saɓaninmu, shekara goma sha ɗaya ko waya bai yi ba, wanda bai zo jana'izar mahaifiyarsa ba..." Muryarta ta yi ƙasa. Ranar da ta buga layukan, hannunta ne kawai ke aiki. Yau kam ta ji tausayin mutumin da ba ta taɓa gani ba. Magana zarar bunu ce, balle wadda za a buga jikoki su karanta.

"Me zan sa, Baba?"

Ya ƙura wa hoton ido. Injin kwafi na gefe yana ta fitar da takardun wani.

"Sa 'Wanda ya tafi'."

Ta sa. Ya duba, ya girgiza kai. Ya ce ta gwada "Marar jin magana". Ta gwada, jerin ya sabunta, kalmomin suka zauna daidai ƙarƙashin sunan marigayiya matarsa, mai hoto na goma sha shida. Ya daɗe yana kallo.

"Goge," ya ce. "Sa 'Babban ɗana' kawai."

Ta buga. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Na ƙarƙashin hoton yana nan yadda yake, ko?"

"Yana nan, Baba. Ko harafi ban taɓa ba."

"To taɓa shi, 'yata. Mai da shi daidai da wannan."

Ba ta tambayi dalili ba. Kafin ya sake shawara ta goge layi huɗu, ta adana.