Wayar da Malam Uwaisu Ya Binne

"Kada ka taɓa da hannu, sa bakin fartanya!" in ji mai unguwa Lawal daga can nesa, inda shugabanni suka saba tsayawa.

Gambo ya ci gaba da tona gindin katangar da ta raba gidansa da na Malam Uwaisu, mu kusan ashirin mun kewaye shi. Kan wata sandar jan ƙarfe ya bayyana, da siririyar waya da ta bi ta taga ta shige ɗakin Uwaisu. Ƙasar wurin a jiƙe take, ta yi fari da gishiri.

"Kun gani?" in ji Gambo. "Kullum da safe sai ya zuba mata ruwan gishiri. Cikin matata Hajo biyu ya zube tun da mutumin nan ya dawo. Ga na uku, wata bakwai. Wallahi ba zan jira ba."

Shekara ashirin Uwaisu ya yi yana gyaran rediyo a Kaduna. Ya dawo Makarfi a shekarar da aka samu 'yancin kai, ba mata ba ɗa, sai injin wuta, da garmaho mai aiki da lantarki, da tulin fayafayai. Abin da ya fi ƙauna wani ƙaramin akwatin ƙarfe ne da ya haɗa da hannunsa, mai kwalabe uku da ke yin ja kamar garwashi. Ya taɓa gaya mini cewa muryar da allura ke ɗebowa daga faifai ba ta kai kukan sauro ba, akwatin ne ke rainonta kafin ta isa lasifika. In ya kunna, har haɗiyar yawun mai kukuma kana ji.

"Ranka ya daɗe, ba asiri ba ne," Uwaisu ya ce daga bakin ƙofarsa. "Wayar ƙasa ce. In babu ita akwatin gunji yake yi. In kuma wuta ta ɓata hanya, ta nan take sauka."

"To gishirin fa?"

"Busasshiyar ƙasa ba ta karɓa."

"Kun ji ko?" in ji Gambo. "Har abincinta ya sani."

Mai unguwa ya juyo gare ni. "Malam Tukur, kai ne ka yi karatu har Badun. Me ka ce?"

Na san amsar. Tarihi na karanta, amma Uwaisu ya sha yi mini bayani, don kusan kullum bayan la'asar a ɗakinsa nake. Jama'ar da ke wurin ma sun san da zaman, na kuma ga wasu sun fara dubana kamar yadda suke duban wayar. Fartanyar tana hannun Gambo.

"Ba na jin akwai cutarwa a cikinta," na ce. "Amma kuma ba na jin akwai cutarwa a cire ta."

Sai mutum ya shekara uku a jami'a kafin ya iya ƙera irin wannan jimla.

Aka ɗaura igiya, mutum huɗu suka ja da bismilla, aka kai sandar kududdufi aka jefa. Uwaisu bai yi gardama ba. Ya dube ni kawai.

"Ka shigo da la'asar, Malam. Akwai faifan da ba ka ji ba."

Ban shiga ba.

Daga ranar gunjin ya fara. Yana nan a ƙarƙashin kiɗa, mai kauri kamar na bijimi a turke, yana ratsa katanga har ɗakina. Mata suka daina bi ta layin. Gambo ya kai Hajo gidan iyayenta a Dandamisa. Ni kuwa na gano wata hanya zuwa ofis ta bayan kasuwa, mai nisa, amma na gaya wa kaina tana da amfani ga lafiya.

Sau ɗaya muka haɗu da Uwaisu, a ƙofar masallaci.

"Akwatin ya fara cizo," ya ce, ya nuna mini yatsa. "Da za ka gaya wa mai unguwa a mayar da ita, ko a tsakar gidana ne. Kai zai saurare ka."

"Bari ƙura ta lafa tukuna, Baba. Ka riƙa sa takalmi."

"To," ya ce.

A rana ta tara aka wuni ana ruwa. Bayan azahar na lura gunjin bai tsaya ba, kuma babu kiɗa a cikinsa, sai wani ƙas, ƙas, ƙas, na allurar da ta kai ƙarshen faifai. Na tarar da mutane a ƙofar gidan, cikin yayyafi, kowa na sallama, ba mai shiga.

"Malam, kar ka je," wani ya riƙe rigata. "Abin ya fito."

Na zaga ta baya na kashe injin. Na shiga ɗakin. Shirun da ya biyo baya ya fi gunjin muni.

Uwaisu yana kwance a gefen tebur, ba takalmi, ba rai. Rufin ya yi yoyo, daɓen ɗakin duk ruwa. Butarsa tana bakin ƙofa, hannayen rigarsa a naɗe tun na alwala.

"Innalillahi. Asirin ya koma kan mai shi," aka ce a bayana, maganar ta zaga har waje.

Gambo ya kama hannuna da hannu biyu, yana hawaye. "Malam, da Hajo ce fa. Allah ya saka maka da alheri. Da ba ka yi magana ba, da ba a cire ba."

Da yake Uwaisu ba shi da kowa, ni na zuba wa liman ruwa wajen wanka. Da muka zo hannun dama, liman ya buɗe yatsun. A tsakiyar tafin akwai baƙin tabon ƙunar lantarki, bai fi ƙwayar wake ba, fatar gefensa ta yi fari. Liman ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗago ido.

"Malam Tukur, wannan fa?"

Na juya hannun, tafin ya kalli ƙasa. Na ci gaba da zuba ruwa a bayansa har ƙwaryar ta ƙare.