Sojan da ke Bangon Alhaji Isyaku

Duk wanda ya taɓa shiga zauren Alhaji Isyaku a Ajingi ya sha labarin hoton nan, ko yana so ko ba ya so. Zanen soja ne a kan doki, da jan kwat da maɓallan tagulla, ya ɗaga gajeriyar bindiga yana atisaye. Fuskarsa baƙa wuluk. Alhaji ya ce mahaifinsa ne, Maiwada, wanda ya bi sojan Turawa yaƙi bai dawo ba.

Ranar da wani malamin tarihi zai zo daga Gaya ya ga hoton, Alhaji ya sa jikarsa Afra'u ta kakkaɓe shi. Ita kuwa ba ta iya aiki rabi da rabi ba. Ta zare gilashin da ke rufe da hoton, ta ɗora tsumma a kan takardar.

Baƙin fuskar ya biyo tsumman.

Ga Bature nan jajir, da gashin baki, yana kallonta. A ƙasa, inda katako ya rufe, an rubuta sunan wata rundunar dawakin Ingila da shekarar da ko kakan Maiwada ba a haifa ba. Yau tsoho zai ji kunya a gaban baƙo, kuma ita ta jawo.

Ta ruga madafa, ta lakato baƙin tukunya. Ta dawo gaban hoton za ta shafa wa fuskar. Ta ji ƙarar babur a ƙofar gida, sai kuma takun sanda a bayanta.

"Me kike yi, 'yar nan?"

"Kaka, wallahi ban sani ba..."

Alhaji ya dubi Baturen, ya dubi yatsanta. Bai yi faɗa ba, abin da ya ƙara tsorata ta ke nan.

"Ba haka ake yi ba," ya ce a hankali. "Sai an haɗa da ɗan man gyaɗa, in ba haka ba zubewa yake. Haka na ga Inna ta yi, ina leƙe ta bayan asabari. Shekarata bakwai, na dame ta da kuka sai ta nuna min ubana."

Aka yi sallama daga waje.

"Je ki ce masa hoton ba na nunawa ba ne," in ji Alhaji. "In kin dawo ki taho min da man."