Kujerar Baya

Tun ƙarfe takwas na safe muke tura jirage cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ga shi rana har ta karkata. Wanda bai san harkar nan ba ɗauka yake a sama muke yini. Ina! Turi muke yini yi, da jan igiyar ƙarfe, da riƙe wa juna fiffike, duk don mutum ya samu minti shida a sama. Jiragenmu ba su da inji. Akwai wani tsohon injin ja a can ƙarshen fili, Detlef ke zaune a kansa, shi ke fizgo jirgi da igiya ya cilla shi sama, daga nan kuma sai kai da iska. Ranar nan iskar ma a gajiye take. Lahadin ƙarshe ce ta Oktoba, washegari za a kwance fikafikai a kulle rumfa sai sanyi ya wuce.

Ɗalibata Waltraud direbar bas ce, shekararta hamsin da huɗu. Shekara uku ke nan tana zama a kujerar gaba, ina bayanta ina mita. Tun farkon shekara ta faɗa wa kowa cewa in bana ba ta tashi ita kaɗai ba ta haƙura, za ta koma noman tumatir a bayan gida. Ba mai magana biyu ba ce. A ƙa'ida sai malamai biyu sun yarda kafin a saki ɗalibi. Sieglinde, ɗaya malamar, ta tashi da ita da hantsi, tana sauka ta ɗaga min babban yatsa. Saura ni.

Ni kuwa takardar lafiyata ranar take ƙarewa. Likita ya haska idona na hagu, ya girgiza kai, ya ce ba zai sabunta ba. Shekara arba'in da ɗaya ina tashi daga filin nan. Na san in na fita daga kujerar baya na fita ke nan, kuma ban faɗa wa kowa a ƙungiyarmu ta matuƙa ba.

Saboda haka da muka sauka karo na huɗu na ce saurin saukarta ya ɗan yi yawa. A na biyar na ce fiffiken dama ya yi ƙasa. Ƙarya nake yi.

"Eberhard!" Detlef ne a rediyo. "Kai da matar nan gadon jirgin kuka ci? Ƙafata ta mutu a kan injin nan, kofina ya huce tun jiya."

"Ja igiya, sarkin ƙorafi," na ce.

Na hango Sieglinde ta tura wani abu bayan tukunyar miyar wake da ƙafa. Damin ƙaya ne. Al'adarmu ce, duk wanda ya tashi shi kaɗai karon farko a damƙa masa ƙaya ya riƙe da tsirarar hannu, sannan ya sunkuya kan fiffike kowa ya ɗaɗa masa tafi a mazaunai, wai don wurin ya riƙa jin motsin iska. Tun tsakar rana aka yanko damin, har ya fara yaushi.

A tashi na shida hannuwana na kan gwiwa tun daga farko har ƙarshe, ban taɓa sandar tuƙi ba. Na kalli hasumiyar cocin ƙauye, da dajin da ya yi jawur, da shanun da ba sa ko ɗaga kai in mun wuce. Waltraud ta juya, ta miƙe, ta ajiye jirgin a hankali kamar mai ajiye tiren ƙwai. Muka tsaya cak. Bayana na ciwo, wuyana ya sage, amma bakina ya riga ni.

"Mu ƙara ɗa..."

"Malam," ta katse ni, ba ta ko waiwayo ba. "Matarka ta shiga bas ɗina ranar Laraba."

Ta ci gaba.

"Ta ba ni labarin likita. In so kake mu yi ta zagaye har rana ta faɗi, ba komai, ni direba ce, zan kai ka. Tumatir ba zai gudu ba. Amma don Allah kada ka ƙara ce min saukata ce ba ta yi ba."

Kunya ta rufe ni, irin wadda rabona da ita tun ina ɗalibi. Na dubi rana. Zagaye uku ake so ɗalibi ya yi shi kaɗai, kuma hasken da ya rage na zagaye uku ne daidai. In na ci ɗaya nata ba zai cika ba.

Na buɗe murfin jirgin na fito, gwiwoyina na ƙara. Na ɗaure bel ɗin kujerar baya a kan wofi, kamar yadda doka ta ce, don kada ya sarƙe sandar tuƙi. Sau ɗari na yi wa ɗalibai haka, ban taɓa daɗewa a kai kamar ranar ba.

"Ba kilo casa'in ɗina yanzu, zai hau da sauri," na ce. "Kada ki tsorata."

"Dama nauyi kake min, tsoho."

Ni na riƙe mata fiffike. Igiya ta miƙe, na bi da gudu taku huɗu, fiffiken ya zame daga yatsuna. Jirgin ya hau fiye da yadda ya taɓa hawa da ni a ciki. Na tsaya cikin ciyawa ina haki, ina bin sa da idon dama.

Sau uku ta tashi, sau uku ta sauka lafiya lau. Detlef ya kashe inji ya taho yana ɗingishi yana murza tafin hannu, mutane suka yi layi ana ihu. Sieglinde ta miƙa mata damin. Waltraud ta karɓa ta cije leɓe, ta raba shi biyu da hannunta, ta tako ta danna min rabi a tafi.

"Riƙe," ta ce a hankali. "Kai ma yau ka fara tsayawa a ƙasa kai kaɗai."

Na damƙe da ƙarfi. Detlef ya leƙo fuskata.

"A'a, Eberhard, kuka kake?"

"Ƙaya ce," na ce. "Je ka shiga layi."