Yawon Inna a Baro

Motar ɗan Inna tana ƙofar gida, ko kashe ta ba a yi ba. Malama, wadda take haya a ɗakin da ke kallon na tsohuwar, tana tsugune tana wanke zanin gadon da ta cire mata da safe, kunnenta na can.

"Inna, kin yi kyau fa," in ji ɗan, yana tsaye a bakin ƙofa kada warin ɗakin ya kama masa riga. "Yara, ku matsa a ɗauki hoto."

"Ka ce yau za ka kai ni bakin gada," in ji Inna.

Tun da ƙafafunta suka mutu, roƙonta ke nan: a kai ta gadar da ta tsufa tana sayar da lemo a kanta, ta ga ruwa, ta ga mutane.

"Kujerar motar nan ba ta dace da bayanki ba. Sai wani satin."

Matarsa tana tsakar gida tana waya, ta toshe hanci da gefen mayafi. Tana gaya wa ƙawarta sun ɗan fito ne, har ta jefo wata kalmar Turanci tana lanƙwasa harshe. Malama kuwa Turanci take koyarwa, ta san kalmar sarai: ɗan yawon nishaɗi, a sha iska a juyo. Zuwa duba uwar mijin ke nan. Ta murɗe zanin kamar wuyan wani ta kama.

"Ranka ya daɗe," in ji Malama lokacin da ɗan ya zo wucewa, "in kujerar kake ji, ina da sabuwar leda, sai a shimfiɗa."

"Malama, ki tsaya a kan allonki."

"Allona yana makaranta. Wannan na hannuna kashin uwarka ne."

Ya yi kamar da bango take. Suka ɗuru a mota suka tafi.

Da la'asar Malama ta aro baro wurin mai bulo, ta kankare simintin, ta shimfiɗa bargo da matasai. Da ta ɗauko Inna sai ta ji ba ta fi kayan wanki nauyi ba.

Unguwa ta fito kallo. Waɗanda ba su taɓa leƙa ɗakin tsohuwar ba duk suna ƙofar gida suna riƙe haɓa. Malama ta ɗaga kai sama, ta tura baronta.

"Malama, nawa kayan?" mai faci ya ɗaga murya.

"Ubanka ma ya taya lokacin ina da haƙora," in ji Inna, "aljihunsa bai kai ba."

Dariya ta koma kansa.

Ruwan ƙarƙashin gadar ya janye, rabinsa ledoji ne. Wata mata ce yanzu a gurbin Inna da farantin lemo. Malama ta sayo ɗaya, tsohuwar ta juya shi a tafin hannu ta taɓe baki.

"Wannan fira aka yi masa ko yanka? Haka ake sana'a yanzu?"

Duk da haka ta tsotse shi, ruwan na bin haɓarta. Ta kalli masu keke, ta kalli leburori suna tashi daga aiki, ta kalli awakin da suka tare hanya.

"Mu koma, Inna?"

"Bari babbar motar can ta wuce, 'yar nan."

Ta wuce. Wata ma ta wuce. Sai da rana ta yi ja sannan Inna ta gyaɗa kai.

A hanyar dawowa tsohuwar ta yi shiru, kanta ya jingina da gefen baro. Malama ta kira ta, ta sake kira. Ta ajiye baron, ta sa hannu a ƙirjin Inna, ta daɗe a haka. Ta yi salati ƙasa-ƙasa. Ta san gobe ɗan zai zo ya fi kowa kuka, da farar riga mai guga.

Ta goge haɓar Inna da bakin zaninta, ta cire mayafinta ta lulluɓe ta. Sannan ta kama hannayen baron ta ci gaba da turawa a hankali, tana kauce wa ramukan titi ɗaya bayan ɗaya.