Wasiƙar da Don Nicanor Ya Gyara

Jikata Yuleidis ma'aikaciyar jinya ce a nan birnin Barranquilla. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar Turancin da ake yi wa masu neman aikin asibiti a ƙasar waje, kuma duk a wajen rubuta wasiƙar miƙa majiyyaci ga wani likita. Shi ya sa na roƙi maƙwabcinmu Don Nicanor, wanda ya yi shekara talatin a jiragen ruwan Turawa, ya riƙa duba mata rubutu kowace Asabar da hantsi a barandata.

To, akwai abin da na sani, wanda ita ba ta sani ba, shi ma bai sani ba. 'Yarsa Marbelis ta faɗa mini cikin kuka cewa likita ya gano ciwon daji a hantarsa. Sun yanke shawarar ɓoye masa, yadda muke yi a nan, suka ce masa gyambon ciki ne.

Rannan na kawo musu kofi da soyayyiyar ayaba, na zauna ina ɓare wake. Misalan littafin Yuleidis sun ƙare, sai wata abokiyar aikinta ta kwafo mata bayanin wani majiyyaci na gaske, ta shafe sunan da baƙin alƙalami. Haka suke yi wa juna. Da shi ta rubuta wasiƙar.

"Ke yarinya, gaba kike da waƙafi ne?" in ji Don Nicanor. "Layi huɗu ba wurin numfashi! Kafin likita ya kai ƙarshe shi ma sai an ba shi gado."

"Baba, wancan makon cewa ka yi na zuba su kamar gishiri."

"Saurara ki ji."

Ya fara karantawa yana juyawa zuwa harshenmu, yana ɗiga jan biro duk inda ya tsaya. "Namiji, ɗan shekara saba'in da huɗu, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, ba shi da yatsu biyu a hannun hagu..."

Hannunsa na hagu mai yatsu uku shi ne dafe da takardar.

Kwanon wake ya zame daga cinyata. Yuleidis ta dubi hannun, ta dubi takardar, ta miƙa hannu. "Baba, ba ni. Kuskure ne, ba wannan zan kawo ba."

Bai ba ta ba. Ya ci gaba da karantawa a zuci har ƙasa, leɓensa na motsi. Wallahi ina kallo ya ƙara ɗiga biron sau biyu.

"Nan kin rubuta iyalin sun nemi kada a sanar da majiyyaci," ya ce a hankali. Sai ya juyo gare ni. "Doña Eufemia, har da ke a ciki?"

Na sunkuyar da kai.

Ya cire tabarau, ya tura wa Yuleidis takardar. "Turancin na gane shi, na likitocin ne ban gane ba. Share hawayenki, 'yata. Fara daga layi na uku, ki faɗa mini abin da ke jikina, kada ki tsallake komai."

Ta ja kujerarta kusa da shi, ta fara.